Kafin Ka Sayi Laftop, Ka Fara Shawara Da Yatsunka



Kusan duk mako sai wani ya turo min saƙo: "Malam, laftop nake so in saya, wacce za ka ba ni shawara?" Sai tambayoyi su biyo baya. RAM nawa ne? Core i nawa ce? Batir yana yin awa nawa? Har yau ɗin nan ban samu mutum ɗaya da ya tambaye ni yadda kibod ɗinta yake ba. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma ban tambaya ba ranar da na sayi tawa ta farko. Abin da ya same ni daga baya shi zan ba ka labari yau, sannan in nuna maka yadda za ka gwada kibod tun kana cikin shago, kafin kuɗinka su bar aljihunka.

Ni mutumin Hunkuyi ne, a ƙaramar hukumar Kudan, amma a Makarfi nake neman abinci. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi. Yawancin masu zuwa wurina ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Shehu Idris ne, sai malaman makaranta masu kawo tambayoyin jarrabawa, sai kuma mutanen gari masu son katin ɗaurin aure ko takardar yarjejeniya. Da tsohuwar kwamfutar tebur na fara. Ka san halin wuta a wajenmu. In an ɗauke sai janareto, kuma abin da na samu da rana man fetur ya cinye shi kafin magariba. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan laftop, ko ba komai in buga rubutu da batir, in ya so in tada inji lokacin firintin kawai.

Kuɗin ba nawa ba ne. Baba ne ya sayar da rake, ya kira ni ɗaki ya ƙirgo min. Ya ce, "Ga shi, rance ne ba kyauta ba. Amma ka nutsu ka zaɓi abin da zai yi ƙarko." Na ce, "Insha Allahu, Baba."

Na shiga mota sai Kano. A wani shago idona ya faɗa kan wata siririya mai ruwan azurfa, ba nauyi, kamar ka saka ta a aljihun babbar riga. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, ka iya zaɓe, wannan ba a daɗe da sauke ta ba." Na duba RAM, na duba ma'ajiya, na kunna bidiyo na ji sauti, na ƙara hasken sikirin na rage. Wallahi ko layi ɗaya ban rubuta a kanta ba. Mutumin da sana'arsa buga rubutu ce fa! Na biya na kamo hanya ina ta murna.

Sati bai cika ba na fara ganin abin da na saya. Da farko dai madannan ba su da zurfi. In ka danna kamar kana ƙwanƙwasa tebur, kafin la'asar kan yatsuna ya yi tsami. Na biyu, duk sanda na kai ƙaramin yatsa zan danna Shift na hagu, sai in ji na taɓa wani madanni daban, wata 'yar karkatacciyar sanda ta fito a gaban suna. Na uku, da zafi ya yi zafi sai haruffan suka fara ɓanɓarowa. Ashe sitika ce aka manna. A ƙarƙashin Y sai ga Z, a ƙarƙashin Z sai ga Y. Kibod ɗin Jamus ne. Ni da ba na kallon madannai na iya lallaɓawa, amma yaron da ke koyon aiki a wurina gaba ɗaya ya rikice.

Da hunturu ya shigo da ƙurarsa sai harafin "a" ya fara tsallake. Sai ka danna sau biyu kafin ya fito. Wannan ina ganinsa, ina gyarawa. Abin da ban lura ba shi ne "r" ma ya bi sahu.

Wata rana wani dattijo ya zo da ɗansa, suna son takardar cinikin gona da Hausa, za a karanta ta a gaban mai unguwa da shaidu bayan sallar la'asar. Sauri ake, na buga na fitar na miƙa musu. Kafin magariba sai ga ɗan ya dawo, fuska a ɗaure. Ya ce, "Malam, kana so ka haɗa mu rigima ne?" Ya ɗora yatsa a kan layi na uku. Inda ya kamata a ce wane "ya sayar wa" wane gona, takardata cewa ta yi wane "ya saya wa" wane gona. Harafi ɗaya ya faɗi, mai sayarwa ya koma mai saye, ciniki ya koma kyauta. Allah ya taimaka wani daga cikin shaidun ya karanta da kyau kafin a dangwala hannu. Da an sa hannu an ajiye, bayan shekara goma magada suka zaro wannan takarda, wa ya san inda maganar za ta tsaya?

Na ba da haƙuri, na sake bugawa kyauta. Amma kunyar da na ji ranar ta fi ƙarfin kuɗin takarda. Rabin laifin nawa ne, tunda ban sake karantawa ba. Ɗaya rabin kuma na ranar da na tsaya a shago ina kallon bidiyo ne maimakon in gwada madannai. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Na kai ta wajen mai gyara a Zariya. Ya buɗe ya girgiza kai. Ya ce wannan samfurin an like kibod ɗinsa da murfin sama, ba a cire shi shi kaɗai, sai dai a canza murfin gaba ɗaya, kuma sai an yi oda. Kuɗin da ya faɗa ya sa na ɗauki abata na fito ba tare da na ce uffan ba. Ga bashin Baba ko rabi ban biya ba.

To, daga nan ne na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Bari in jero maka.

ME YA SA KIBOD YA KAI A TSAYA A KANSA?

RAM in ya yi kaɗan, a laftop da yawa ana ƙarawa. Ma'ajiya ana canzawa. Batir ana saye. Amma yadda kibod yake a hannu, da zurfinsa da faɗinsa da tsarinsa, da shi aka ƙera kwamfutar. Ko ka sa sabo, irin na jiya za ka sa. Kuma shi ne wurin da jikinka ke taɓawa daga safe har dare.

Kar ka ce ai wannan maganar ta ƙananan kamfanoni ce. Apple da kansa ya taɓa tuntuɓe a nan. A 2015 ya fito da wani siririn kibod a MacBook wanda ake kira na malam-buɗe-littafi, don kwamfutar ta ƙara sirancewa. Sai ya zama ɗan ƙwayar ƙura ya shiga, harafi ya maƙale ko ya riƙa fitowa biyu-biyu. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, daga ƙarshen 2019 ya fara komawa tsohon tsari, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Idan ƙurar ofis ta yi wa kibod haka, ka yi tunanin ƙurar hanyar Makarfi a watan Janairu. Don haka in an miƙo maka MacBook na hannu na tsakanin waɗannan shekaru, ka gwada kowane madanni sosai.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa. Ka ƙirga "a" nawa ne a cikin wannan jimlar da kake karantawa yanzu. Hausa ba ta tafiya sai da "a". A tsarin QWERTY kuwa, wanda ya samo asali daga keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙirƙira, kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, harafin "a" yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu ne, yatsan da ya fi kowane rauni. Wato in kana rubuta Hausa, ɗan autan yatsu shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Idan madannin nan yana da tauri ko yana karkacewa, kai za ka fara ji kafin mai rubuta Turanci.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA KA DUBA

1. Zurfin madanni. Wato nisan da yake nitsewa in ka danna. A laftop yawanci tsakanin milimita 1 ne zuwa 2. Ni dai a hannuna, daga 1.5 zuwa sama ya fi daɗi ga mai dogon rubutu. Ba sai ka tafi da abin awo ba. Ka danna a hankali. Ya kamata ka ji wata 'yar turjiya, sannan ya faɗa, sannan ya dawo da kansa nan take. In ka ji yatsanka ya bugi ƙasa tun kafin ka san ka danna, ko kuma ka ji lakaf kamar ka taka taɓo, ka ajiye.

2. Faɗin madannai da tazararsu. Cikakken kibod yana da kusan milimita 19 daga tsakiyar wannan madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi. Ƙananan laftop masu inci 11 sukan matse su. Idan hannunka na noma ne irin nawa, za ka riƙa danna biyu a lokaci ɗaya. Inci 14 shi ne tsaka-tsaki ga yawancin mutane.

3. Ƙasar da kibod ɗin ya fito. Yawancinmu na hannu muke saye, ko a PZ a Zariya, ko titin Beirut da Farm Centre a Kano, kuma kayan daga ƙasashe daban-daban suke shigowa. Ka kalli Enter. Idan a kwance yake, dogo a layi ɗaya, kuma Shift na hagu dogo ne, tsarin Amurka ne. Idan Enter a tsaye yake ya ci layi biyu, Shift na hagu kuma gajere ne da wani ƙarin madanni a gefensa, tsarin Turai ne. Na Ingila yana da alamar £ a kan lamba 3, kuma wurin @ ya bambanta da na Amurka. Na Jamus layinsa na sama QWERTZ ne. Na Faransa AZERTY ne, irin wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi. Na Japan kuma sandar tazararsa gajeruwa ce, da ƙarin madannai a gefe da gefe. Babu wanda yake maras kyau a cikinsu. Magana ita ce wanne hannunka ya saba da shi. Sannan ka sa farce a gefen harafi ka ji ko sitika ce. In sitika ce, ka tambayi abin da ke ƙarƙashi.

4. Alt na dama. Wannan don haruffanmu masu lanƙwasa ne. A waya kana danne k a Gboard sai ƙ ta fito, shi ya sa mutane da yawa in suka koma laftop sai su rasa yadda za su yi. Windows yana da tsarin kibod na Hausa. In ka ƙara shi a wajen saitin harshe, sai ka riƙe Alt na dama ka danna b, d ko k, ka samu ɓ, ɗ da ƙ. Ana sauya tsari da madannin Windows tare da sandar tazara. Ka ga ke nan in Alt na dama ya mutu, an rage maka hanya. Haka ma madannin 'yar waƙafin sama da muke rubuta 'ya'ya da jama'a da shi. Ka gwada su duka biyun.

5. Fitilar ƙarƙashin madannai. A inda wuta ba ta tsayawa, wannan ba ado ba ne. Na sha kafa waya a baki ina haska kibod da tocila kafin in gane haka. Ka lura, samfuri ɗaya yana iya zuwa da mai fitila da maras fitila. Kar ka yarda da "ai tana da shi". Ka ce a kunna ka gani. A ThinkPad, Fn ne tare da sandar tazara. A sauran, ka nemi hoton kibod mai haske a layin sama.

6. Madannan kibiya da wurin kunnawa. Wasu kamfanoni suna raba madanni ɗaya gida biyu su ba kibiyar sama da ta ƙasa. In kana yawo cikin Excel zai dame ka. Wasu kuma sun kai maɓallin kunnawa dab da Delete, ka je goge harafi ka sa kwamfuta barci. Ka duba wannan kusurwar da kyau.

7. Ko ana iya canza kibod ɗin shi kaɗai. Wannan ita ce tambayar da ta ci ni. Ka tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba: in ya lalace yana fita shi kaɗai? Ana samunsa a Kano ko Zariya, ko sai an yi oda?

GWAJIN MINTI GOMA A CIKIN SHAGO

Ka roƙi kujera ka zauna, kwamfutar a kan tebur. A tsaye ba a gane kibod. Ka buɗe Notepad.

Ka fara daga layin lambobi, ka bi kowane madanni ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, kana kallon sikirin. Ka sake bi a karo na biyu da taɓawa mai sauƙi, don madannin da ya fara mutuwa yana amsawa in an doke shi da ƙarfi, amma ya yi shiru in an taɓa shi a hankali. Ka lura kuma ko wani harafi yana fitowa sau biyu.

Ka danna sandar tazara a ƙarshen hagu, a tsakiya, da ƙarshen dama. Haka Shift da Enter da Backspace. Dogayen madannai suna da ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, in ya goce sai gefe ɗaya ya daina aiki.

Ka sa yatsa a tsakiya wajen G da H ka ɗan danna. In duk faifan yana lotsawa, ba ƙarko.

Sai ka rubuta abu na gaske, na tsawon minti biyar ba tsayawa. Ka rubuta wa mahaifiyarka wasiƙa, ko ka kwafi wani dogon saƙo daga wayarka. Da ka gama ka karanta. Kuskure nawa ka yi? Tafin hannunka ya riƙa taɓa faifan linzami har rubutu ya yi tsalle zuwa wani layi? Bakin kwamfutar yana yankar wuyan hannunka? Wurin ajiye hannu ya yi zafi?

In mai shago ya fara tsaki ko ya ce kana ɓata masa lokaci, ka yi masa sallama cikin mutunci. Mai kaya nagari ba ya tsoron gwaji. Kuma ka nemi a rubuta maka kwanakin garanti a jikin rasit, da lambar kwamfutar.

TO WACCE ZAN SAYA?

Ba talla nake yi wa kowa ba, kuma ba zan faɗi farashi ba, tunda abin da na faɗa yau dala na iya ƙaryata ni gobe. Amma ga abin da na lura. Laftop ɗin da aka ƙera don ma'aikatan ofis sun fi kula da kibod a kan waɗanda aka ƙera don ɗaukar ido. Ina nufin irin ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook ko ProBook na HP.

ThinkPad ya daɗe da yin suna a wannan fanni. IBM ne ya fara shi a 1992, Lenovo ya saye sashen kwamfutocin IBM a 2005. Madannansa suna da ɗan kwari a sama inda yatsa ke zama. Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi da farko: a yawancinsu Fn ne a kusurwar hagu, Ctrl na biye, saɓanin sauran kwamfutoci. Ana iya musanya aikinsu a cikin BIOS. Wadda nake aiki da ita yanzu T480 ce, ta 2018. Kibod ɗinta yana fita shi kaɗai, kuma bayan batirin ciki tana da wani na waje da ake zarewa a sa wani. Ga mai zama inda muke zaune, ka san darajar wannan.

Sai dai kar daɗin kibod ya ja ka zuwa tsohuwar da zamani ya bari. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance yana son furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ka duba lambar: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. Ko a samfuri ɗaya ana samun bambanci, don haka ka duba da idonka.

Kuma abin da ya yi min ba lallai ya yi maka ba. Ƙanwata da ke aure a Ikara tana riƙe wa maigidanta lissafin tumatir, kwando nawa aka ɗauko daga wane, nawa aka loda, nawa ya rage bashi. Da za ta saya ta kira ni: "Yaya, irin taka zan saya." Na ce mata a'a, ke aikinki lambobi ne. Muka nemo mai inci 15.6 wadda ke da jerin lambobi a gefen dama kamar na kalkuleta. Yanzu da hannu ɗaya take shigar da lissafi, ɗayan yana riƙe da littafi. Ni kuwa irin wannan ba ta yi min ba, domin jerin lambobin yana tura haruffa zuwa hagu, sai ka zauna a karkace in rubutun mai tsawo ne. Ita ta dace, ni ma na dace, kuma ba iri ɗaya muka saya ba.

Ɗalibi mai shirin JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, shi kuma ya nemi tsarin QWERTY wanda haruffansa ke fitowa raɗau. Ba ka so hannunka ya saba da wani tsari a gida, ka je zauren jarrabawa ka tsaya neman harafi.

IN KA RIGA KA SAYA FA?

Kar ka tada hankalinka. Abin da ya cece ni a watannin da nake biyan bashin Baba shi ne kibod ɗin waje na USB, irin na kwamfutar tebur. Ba shi da tsada. Na ɗora laftop a kan littattafai har sikirin ya zo daidai ido, kibod a ƙasa, ciwon wuya ma ya ragu. Kai mai waya kaɗai ma, wannan dabarar taka ce. Da 'yar mahaɗar OTG ko kibod mai Bluetooth, yawancin wayoyin Android za su karɓa, ka yi rubutunka a Word ko Google Docs. Kafin ka ci bashi don laftop, ka fara gwada wannan, mai yiwuwa ta ishe ka.

Kafin ka yanke cewa kibod ɗinka ya lalace kuma, ka duba waɗannan. In U, I, O suna ba ka 4, 5, 6, Num Lock ne a kunne. In @ tana fitowa a wurin da ba nata ba, tsarin harshe ne ya sauya tsakanin na Amurka da na Ingila. In kwamfuta ta yi ƙara bayan ka danna Shift sau biyar, Sticky Keys ne, ka ce a'a. In harafi ɗaya ya mutu kana tsakiyar aiki, Windows da Ctrl da O za su fito maka da kibod a kan sikirin. A cikin Word kuma, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 20A6 kuma alamar ₦.

Wajen kula da shi, abu uku ne. Ka rufe murfi duk sanda ka tashi, musamman da hunturu, ka riƙa share tsakanin madannai da burushi mai laushi. Kar ka sha rake ko ka ci mazarƙwaila a kansa, zaƙi yana like madanni ya kuma kira tururuwa. In shayi ko ruwa ya zube, ka kashe nan take, ka zare caja, ka kifa ta a buɗe, kar ka kunna "don ka gani ko ta yi", ka kai wa mai gyara.

Zama ma yana da nasa. Ka samu tebur da gwiwar hannunka za ta zo daidai da shi, wuyan hannu a miƙe. Ɗora ta a kan filo ko katifa yana toshe mata iska, kai kuma ya lanƙwasa maka baya. Ka nemi 'yan ƙurajen nan da ke kan F da J, nan ne mazaunin manuniya biyu, daga nan ake koyon rubutu ba kallo. In yatsu suka fara mutuwa ko ciwon wuyan hannu ya ƙi tafiya, ka je asibiti, ba maganar kibod ba ce kuma.

Siririyar nan daga ƙarshe na sayar da ita ga wani da ya ce kallo kawai zai riƙa yi, bayan na nuna masa haruffan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na yi asara, amma na kwana da sanin ban ɓoye masa komai ba. Ranar da na kai wa Baba cikon kuɗinsa, ya ga baƙar kwamfuta mai kauri a hannuna, ya ce, "Ina mai ƙyallin?" Na ba shi labarin takardar gona daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya ya ce, "Ai ko fartanya, ƙota ake fara riƙewa a ji kafin a yi ciniki."

Dattijon nan mai gona har yanzu yana kawo min aiki. Sai dai duk takardar da na buga masa, sai ya sa na karanta masa ita da ƙarfi, tun daga bisimilla har wurin sa hannu. Ni ma yanzu haka nake yi wa kowa.

In kana da wanda ke shirin zuwa Kano ko Zariya sayen laftop, ka tura masa wannan kafin ya shiga mota. Allah ya sa mu dace, ya sa albarka a abin da muke nema.